Bindiga Ba Ta Haƙar Kwal

Ranar 11 ga Janairun 1923 sojojin Faransa da na Beljiyam suka mamaye yankin Ruhr, cibiyar kwal da ƙarfe ta Jamus, domin karɓar diyyar Yaƙin Duniya na Farko da ƙarfin tsiya. Tun 1921 aka yanke wa Jamus biyan mak na zinariya biliyan 132, kuma hujjar firaministan Faransa Raymond Poincaré ita ce Jamus ta gaza kai katako da kwal da aka ɗora mata. Abin da ya biyo baya ya nuna cewa mai bin bashi yana iya zama da gaskiya, amma ya ɓata ta da hanyar da ya bi.

Gwamnatin Jamus ƙarƙashin Wilhelm Cuno ta umarci ma'aikatan yankin su ƙi aiki. Ramukan kwal suka tsaya, jiragen ƙasa ma haka. A ƙarshen Maris sojojin Faransa suka harbe ma'aikata 13 a masana'antar Krupp da ke Essen. Don ciyar da masu yajin aiki, Berlin ta dinga buga takardun kuɗi, har a Nuwamba dala ɗaya ta kai mak tiriliyan 4.2. Ajiyar talaka ta zama takardar banza, kuma a watan nan ne Hitler ya yi yunƙurin juyin mulki a Munich. Faransa ma ba ta sha da daɗi ba: Ingila ta ƙi mara mata baya, darajar kuɗin Faransa ta faɗi.

Wani zai ce ai Faransa ce aka ragargaza arewacinta a yaƙin, aka cika mata ramukan kwal da ruwa. Zai kuma tuna cewa a 1871 Jamus ta ɗora wa Faransa faran biliyan 5, ta girke sojoji har aka biya a 1873. Duk gaskiya ne. Sai dai Faransar wancan lokaci ta biya ne da rance daga jama'arta da kasuwannin Turai, tattalin arzikinta yana tafiya. A Ruhr kuwa wurin da kuɗin zai fito aka danne, kamar wanda ya ɗaure saniya ba ciyawa yana jiran nono.

Akwai kuma masu cewa mamayar ta yi aiki, tunda magajin Cuno, Gustav Stresemann, ya janye yajin a Satumban 1923. To, amma me ya sa kuɗi suka fara shiga? Shirin Dawes na 1924 ne, wanda ya sassauta biyan shekara-shekara ya kuma kawo rancen da akasarinsa daga Amurka yake. Sojojin suka fice a 1925, taron Lausanne na 1932 ya kusan shafe diyyar baki ɗaya. Abin da Faransa ta samu, a teburin shawara ta same shi, bayan ta saya wa kanta ƙiyayyar da masu tsattsauran ra'ayi a Jamus suka ci moriyarta. Mu kwana nan.