Kunyar Mara Kunya Asara Ce: Abin da Ya Same Mu a Jirgin Kogin Nilu

 

Cikin wasiƙun da suka iso hannuna a wannan karo akwai ta wata ƙanwata 'yar makarantar kwana da ta tsaya min a rai. Ta ce ɗakin kwanansu warin laima yake yi, bangon da gadonta yake jingine duk ya yi baƙi, kullum da tari take kwana, amma kunya da tsoro sun hana ta faɗa, kada a ce ta fiya iyayi. Wallahi ƙanwata ina karantawa sai na ga kaina, domin irin wannan kunyar ta kusa ja min nadamar da ba zan manta ba. Ki gyara zama ki sha labari.

A watan Janairu na 2024 na raka Ummanmu Alƙahira ganin likita, saboda ciwon asma da ya daɗe yana wahalar da ita. Babban Yayanmu a can yake karatu a Jami'ar Azhar, yana zaune da matarsa. Da likita ya gama dubata ya ce jiki ya yi kyau, sai Yaya ya ce shi tunda ya yi wayo bai taɓa ganin Umma ta huta ba, don haka ya tattara 'yan kuɗin da ya jima yana tarawa daga tafinta da yake yi wa mutanenmu masu zuwa asibiti, ya biya mana kuɗin jirgin ruwa na shaƙatawa, mu huɗu, daga Luksor zuwa Aswan.

Ga wadda ba ta sani ba, irin wannan jirgi otal ne sukutum a kan ruwa, da ɗakunan kwana da ɗakin cin abinci da wurin shan iska a can sama. Tsakanin garuruwan biyu kilomita 200 ne da ɗoriya, amma kwana huɗu ake yi, saboda Kogin Nilu daga kudu yake gangarowa arewa, mai zuwa Aswan kuwa kudu ya dosa, ga kuma tsaye-tsaye da ake yi don kallon kayan tarihin Fir'aunoni.

Ni da Umma aka ba mu ɗaki a hawan ƙasa, tagarsa dab da ruwa kuma ba ta buɗuwa. Su Yaya suna hawa na biyu. Ina tura ƙofa wani wari ya daki hancina, irin na tabarmar da ta jiƙe aka naɗe aka manta da ita a lungu tun damina. A ido kuwa ɗaki tsaf, zanin gado fari ƙal, har an naɗe tawul an yi siffar tsuntsu da shi a kan gado.

Na ce, "Umma, kin ji abin da na ji kuwa?"

Ta harare ni ta ce, "Ke dai kin fiya tsirfa. Kul na ji kin kai wa Yayanki wannan magana. Yaro ya zuba guminsa don ya faranta mana, ki je ki sanyaya masa gwiwa? Kwana huɗu ne fa, kamar yau ne."

Na ja bakina na yi shiru. Wannan shi ne kuskurena na farko.

Da yamma da muka dawo daga kallon Karnak, na saci jiki na tare yaron da ke gyaran ɗakuna, na nuna masa hancina na nuna masa ɗaki, don Larabcina na Islamiyya ne, nasu na kasuwa kuwa sai wanda ya zauna. Ya yi murmushi ya ɗauko turaren fesawa ya feshe ɗakin tas. Kuskure na biyu ke nan, domin na kai kuka inda ba a share hawaye. Shi ba shi da ikon canza ɗaki, kuma babu inda ya rubuta cewa na yi magana. Kafin sallar isha ƙamshi da wari sun haɗu sun zama wani abu dabam mai hawa kai. Daren nan Umma ta yi ta gyaran murya, da na tambaya ta ce sanyin kogi ne.

Washegari aka kai mu Kwarin Sarakuna, inda aka gano kabarin Tutankamun a 1922, daga nan jirgi ya ɗaga. Da dare muka isa Isna, inda ake shigar da jirgi wani kwarmi a rufe ƙofa, a cika shi da ruwa har jirgin ya ɗago sama sannan a buɗe masa ya wuce. Kafin layi ya zo kanmu, 'yan tallan da ke cikin ƙananan kwale-kwale suna ta wurgo riguna da mayafai a leda har saman jirgi, ana ciniki da ihu. Umma ta yi dariya har da hawaye. Na ce a raina, to ai shi ke nan, haƙuri ya yi rana.

Ashe tsugune ba ta ƙare ba. Wajen ƙarfe 2 na dare na farka da wani sauti kamar ana busa usur a hankali. Na kunna fitila na ga Umma zaune a bakin gado ta dafe ƙirji, kafaɗunta na ɗagawa, magana ma ta gagara. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Hannuna na rawa na lalubo abin shaƙarta a jaka, ta shaƙa, na ruga babu ko takalmi na buga wa su Yaya ƙofa. Muka lulluɓe ta da bargo muka hau da ita sama inda iska take. Allah ya taimake mu numfashin ya daidaita a hankali, ga shi muna tsakiyar kogi, babu asibiti kusa. A nan muka zauna har aka yi kiran asuba daga wani ƙauye a bakin gaɓa.

Yaya ya dube ni ya ce, "Tun yaushe ɗakin nan yake haka?"

Na sunkuyar da kai na ce tun ranar da muka shigo.

Bai yi min faɗa ba, abin da ya faɗa ne ya fi faɗa ciwo. Ya ce, "Kuɗi na biya don Umma ta huta. Da wani abu ya same ta a daren nan, kina ganin kawaicin da kuka yi min zai amfane ni da me?"

Gari na wayewa ya miƙe a fusace zai sauka ya yi musu tas. Anti, matarsa, ta riƙe shi. Ita ta taɓa aikin ofis kafin aure, ta ce, "Idan ka je da hayaniya, hayaniyar za su riƙe su manta da ɗakin. Mu fara ganin inda ruwan yake fitowa."

Da ma abin ya ɗaure min kai, domin Luksor da Aswan suna cikin wuraren da ruwan sama bai cika sauka ba, sai a shekara ba a ga ɗigo ba, to daga ina laima? Muka koma ɗakin da fitilar waya. Anti ta taka kafet ɗin da ke bakin banɗaki da tafin ƙafa ta ce a jiƙe yake. Muka ɗaga gefensa, ƙasan ya yi baƙi ƙirin da fumfuna. Muka janye durowar kaya, bayanta ma haka, ɗigo-ɗigo baƙi da kore har sama. Ashe bututun da ke fitar da ruwan iyakwandishan ne ya toshe, ruwan yana bin bango yana tsiyaya ƙarƙashin kafet. Kun san iyakwandishan tana tatse ruwan da ke cikin iska ne, idan bai sami hanyar fita ba a ɗaki zai zauna. Fumfuna kuwa kwana ɗaya zuwa biyu ya ishe ta ta fara tsiro a kan abin da ya jiƙe, balle ɗakin da taga ba ta buɗuwa. Ƙurarta da ido ba ya gani ita mutum yake shaƙa. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta fitar da jagora a 2009 a kan laima da fumfuna a cikin ɗaki, inda ta nuna alaƙarsu da tari da tashin asma. Turare ba ya kashe ta, sai an tsayar da yoyon an busar da wurin.

Muka ɗauki hoto da bidiyo, har da lambar ɗakin a jikin ƙofa. Anti ta sa na yago takarda daga littafin da nake rubuta labaraina, Yaya ya rubuta da Larabci: ranar da muka shiga, lambar ɗaki, abin da muka gani, abin da ya sami Umma da ƙarfe nawa, sannan abin da muke so, wato a canza mana ɗaki yau, a kuma mayar da kuɗin kwana biyun da muka yi a ciki. Ya yi kwafi biyu.

A teburin karɓar baƙi aka ce mana jirgi a cike yake, lokacin sanyi ne, baƙi sun yi yawa, amma za a sake fesa turare. Yaya ya ce cikin ladabi manaja yake son gani. Da manaja ya fito bai ja zance ba, ya ce masa, "Don Allah mu je ka shaƙa da hancinka." Mutumin nan yana shiga ya ga kafet a ɗage, sai fuskarsa ta canza. Aka ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ni dai jikina ya ba ni ba ranar suka fara sani ba. Yaya ya miƙa masa takarda ya roƙe shi ya sa hannu da kwanan wata a kwafinmu, shaidar ya karɓa. Ya ɗan yi jim, sannan ya sa. Kafin mu dawo daga kallon gidan tarihin Idfu, ɗakin da aka ce babu ya samu a hawa na uku, mai taga da ake buɗewa. A nan Umma ta yi barcin da ta zo yi, ta ga Kom Ombo, ta ga madatsar ruwan Aswan da aka kammala a 1970, ta sha shayi a saman jirgi tana sa wa Yaya albarka.

Saura maganar kuɗi. Manaja ya ce shi ba ya mayar da kuɗi, tunda ba a hannunsa muka biya ba, sai ejan da ya sayar mana da tikiti a Alƙahira. Ya kawo tayin kwandon 'ya'yan itace da lemo kyauta. Muka yi godiya, amma Anti ta ce kada mu sa hannu a kowace takarda da ke cewa magana ta ƙare. Umma ta so a bar zancen, ta ce tunda Allah ya tsare ai a yafe. Yaya ya zaunar da ita ya ce, "Umma, yafiya alheri ce, amma karɓar haƙƙi ba rashin tawakkali ba ne. A fiƙihu ma wanda ya sayi abu ya tarar da aibin da aka ɓoye masa yana da zaɓin mayarwa. Kuma idan muka yi shiru, gobe wata tsohuwar za a saka a ɗakin." Wannan ta ƙarshen ce ta sa Umma ta ce to a je.

Muna komawa Alƙahira ya aika wa ejan wasiƙa ta imel, ya haɗa da rasit da hotuna da takardar da manaja ya sa wa hannu da takardar likitan Umma mai nuna tana da asma, ya ba su mako biyu. Suka yi gum. Ya sake rubutawa, ya ce idan bai ji daga gare su ba zai kai ƙara hukumar kare haƙƙin masu saye ta Masar, wadda ke aiki da doka mai lamba 181 ta 2018, da kuma ma'aikatar yawon buɗe ido da ke ba irin waɗannan jirage lasisi. Bayan kwana uku suka kira.

Kun san nawa suka biya? Kuɗin kwana ɗaya. Suka ce a rubuce babu wani ƙorafi da ya iso gare su sai a rana ta uku da safe, don haka daren farko ba su da shaidar mun sami matsala, kuma an canza mana ɗaki cikin sa'o'i kaɗan da sanar da su. Na tashi zan ce ai na gaya wa mai gyaran ɗaki, Yaya ya ce, "Wa ya gani?" Haka muka karɓa. Na so a ƙara da cewa kayanmu sun lalace don kuɗin ya ƙaru, Yaya ya ce wanki ɗaya ya fitar da warin, ba zai ci abin da ba nasa ba. Shiruna na rana ɗaya ya ci kuɗin kwana guda daga gumin Yayana, ya kuma kusa cin abin da kuɗi ba ya saye.

To ƙannena, ga abin da na tsinta. Duk inda kuka biya kuɗin kwana, jirgi ne ko otal ko masaukin Umara, ku shaƙi ɗaki kafin ku buɗe akwati. Idan da matsala ku faɗa a take, ga wanda yake da ikon gyarawa, da murya mai sanyi. Ku rubuta, ku riƙe kwafi, ku ɗauki hoto, ku adana rasit. Ku faɗi ainihin abin da kuke so a yi muku, kada ku ƙara gishiri. Wanda ya karɓi kuɗinku shi za ku bi. A nan gida ma akwai hukumar tarayya ta FCCPC mai karɓar koken masu saye. Mai asma kuwa kada ya kwana a ɗaki mai fumfuna ko na dare ɗaya, kuma idan ya shaƙi magani numfashi bai dawo daidai ba, asibiti za a nufa ba jiran safiya.

Ke kuma ƙanwata mai wasiƙa, iyayenki kuɗi suka biya, kuma ƙirjin naki ne. Ki sami uwar ɗakin kwananku ki gaishe ta da ladabi ki nuna mata bangon, ki je ɗakin shan magani a rubuta tarin da kike yi, ranar ziyara kuma ki sanar da Baba ko Umma. Idan ku uku ko huɗu kuka je tare ya fi. Kunya ado ce ga 'ya mace, ni ma da ita aka raine ni, amma Hausawa da suka ce kunyar mara kunya asara ce ba su yi ƙarya ba. Ki sake rubuto min in ji yadda kuka ƙare.

Umma tana nan lafiya, tana gaishe ku. Har yau idan ta ga na shiga ɗakin baƙunta ina buɗe hanci sai ta ce, "To sarkin shinshina, an fara." Ni kuwa sai in ce a bar ni da halina.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba idan Allah ya kai mu. Taku har kullum.