SHARHI: Tutiyar Nasarawa da Sabuwar Dabarar Filasma

Manoman shinkafa na Assakio, a ƙaramar hukumar Lafia, suna sayen takin yuriya da tsada kowace damina. Da iskar gas ake yin takin, kuma kafin a sarrafa ta sai an tsabtace ta daga farar wuta. Abin da masana'antu ke amfani da shi wajen wannan aiki shi ne garin tutiyar da ta haɗu da iskar oksijin. Ita kuwa tutiya ana haƙo ta tare da dalma a Abuni, cikin ƙaramar hukumar Awe, a jihar Nasarawa ɗin nan.

A shekarar 2008, masana a Jami'ar Louisville ta Amurka, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Mahendra Sunkara, suka bayyana wata dabara. Ana zuba garin ƙarfe cikin harshen filasma, wato iskar da aka zafafa da ƙarfin lantarki har ta ɗauki caji. Nan take garin ya narke, ya haɗu da oksijin, ya fito a siffar zaruruwa waɗanda kaurinsu bai wuce kashi ɗaya cikin 1,000 na silin gashi ba. Sirantar ce amfaninsu, domin ɗan kaɗan daga cikinsu yana da faɗin fuskar da zai kama farar wuta mai yawa. An kuma gwada zaruruwan da aka yi da kuza a batiran litiyam.

Abin lura ga 'yan kasuwa shi ne, ana yin aikin a cikin iska ta yau da kullum, ba a tukunyar da aka zuƙe wa iska ba. Wannan tukunya da famfunanta suna daga cikin abubuwan da ke ƙara tsadar irin wannan sana'a.

Sai dai dabarar tana bukatar tataccen ƙarfe da wutar lantarki marar yankewa. An ƙaddamar da babbar tashar rarraba wuta ta Akurba, kusa da Lafia, a 2022, aka kuma buɗe masana'antar sarrafa litiyam a ƙaramar hukumar Nasarawa a 2024. Amma har yanzu ɗanyen dutse muke lodawa zuwa tashar jiragen ruwa, mu sayo sarrafaffensa da kuɗin waje. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

A ganinmu, ba injin filasma ne farkon abin saye ba. Masu jari su fara da masana'antar tace tutiya, wadda masu yin tayoyi da fenti da man shafawa ke jiran kayanta tun yau. Hukumar RMRDC da Jami'ar Tarayya ta Lafia kuma su kafa ƙaramin injin gwaji, su horar da matasa. Jihar da ke kiran kanta gidan ma'adanai tun bayan ƙirƙirarta a 1996 ta isa ta daina sayar da arzikinta ɗanye.