"Beljiyam ce" ba shaidar lafiyar mota ba ce

Duk wanda ya tara 'yan kuɗinsa a Haɗejiya zai sayi ƙaramar mota mai giya otomatik, malamin makaranta ne ko ma'aikaciyar asibiti, shawara ɗaya ake ba shi: ya lallaɓa ya sayi Beljiyam, wato tsohuwar motar da aka shigo da ita daga waje, kada ya kuskura ya taɓa ta hannu, wadda aka riga aka hau a nan gida. Maganar ta zauna daram, har dillali ba ya buƙatar wata hujja, ya daki bodi ya ce "Alhaji, ko lamba ba a sa mata ba", ciniki ya faɗa. Ni ina ganin ga mai ƙaramin ƙarfi wannan shawara ta zama tarko, kuma mutanen bakin Kogin Haɗejiya ya kamata su riga kowa ganewa.

Tun da gwamnati ta saki naira a watan Yunin 2023, dalar da ke ƙasa da naira 500 a farashin hukuma ta haura 1,500 a farkon 2024, kuɗin kwastam ma ya bi ta. Lafiyayyar mota daga waje ta fi ƙarfin mai albashi. To wadda ake tallata masa da sauƙi fa, ina aka samo sauƙin? Akasarin motocin nan daga Amurka suke zuwa, da yawansu daga gwanjon kamfanoni irin su Copart da IAA, inda kamfanonin inshora ke zubar da motocin da suka yi hatsari ko suka nutse. Guguwar Harvey ta 2017 ta cinye dubun dubatar motoci a Houston, Ian ta 2022 ta jiƙa na Florida da ruwan gishiri. Motar da aka yi wa tambarin lalacewa a can ba ta da daraja, amma da ta tsallako teku, an wanke kujeru an fesa turare, sai ta koma amarya.

Mu kuwa mun san aikin ruwa. Wanda ya ga damunar 2020 da ta 2022 a Auyo da Kafin Hausa da Guri da Kiri Kasamma, lokacin da ciyawar kachala ta toshe hanyoyin ruwa kogi ya fantsama cikin gari, ya san ɓarna ba ta ƙarewa ranar da ruwa ya janye. Katangar da ta sha ruwa takan yi watanni tana tsaye kafin ta zube. Motar otomatik haka take. Wayoyinta da ƙwaƙwalwarta suna cin tsatsa a hankali, yau gilashi ya ƙi sauka, gobe giya ta ƙi canzawa a tsakiyar hanyar Gujungu, kuma otomatik ba a tura ta ta tashi. Alamun ba su ɓuya ga mai dubawa: ɗaga kafet ka taɓa soson da ke ƙasa, ja bel ɗin kujera har ƙarshe ka ga ko akwai zanen laka, leƙa ramin safaya taya da ƙusoshin ƙarƙashin kujera. Zaro sandar man giya ka ɗiga a farar takarda. Ja mai haske shi ne lafiya, baƙi mai ƙauri ya ƙone, wanda ya yi fari-fari kamar an zuba madara kuwa ya haɗu da ruwa. Lambar sasi mai haruffa da alƙaluma 17 ma, in an sa ta a intanet, sau da yawa takan fito da hoton motar ranar da aka yi gwanjonta. Masu saye nawa ne ke yin haka kafin su biya la'ada?

Za a ce ai ɗan Najeriya ba ya sayar da mota sai ta gaji, ga jabun baƙin mai, ga gyaran jeka-na-yi-ka. Akwai gaskiya a ciki, ta hannu ma ruwan Haɗejiya na iya shanye ta. Bambancin shi ne ita ana iya bin sawunta. Mai ita yana Dutse ko Gumel, bakanikensa yana nan da ransa, maƙwabta sun san ko ta taɓa kwana a ruwa. Kuma tun da aka cire tallafin fetur a 29 ga Mayu 2023, ma'aikata da dama sun rabu da motocinsu don tankin ya gagare su, ba don inji ya mutu ba. Mai sayen Beljiyam mai arha kuwa cinikin biri a sama yake yi, ba wanda zai tambaya sai mai son ya sayar masa.

Wani kuma zai ce ta wajen ta fi sabunta. Sabuntar ce ma abin tsoro. Corolla ta 2003 zuwa 2008 tana da giya huɗu irin ta da, wadda bakanike a Haɗejiya ya sani ciki da bai, kayanta kuma jibge suke a Ƙofar Ruwa a Kano, haka ma 'yan uwanta Matrix da Vibe. Daga 2014 yawancin Corolla ta Amurka ta koma giyar CVT, irin wadda Nissan ta daɗe tana sa wa ƙananan motocinta. Wannan giya man ta daban ne, in aka ɗura mata na gama-gari ta tafi, kuma ba kasafai ake buɗe ta a gyara ba, sai dai a sayo wata sukutum. Mai albashin da ya ƙarar da ajiyarsa wajen saye, da me zai sayi giyabos?

Ban ce duk Beljiyam ruɓaɓɓiya ce ba. Mai kuɗin sayen lafiyayya, ya ga tarihinta da takardun kwastam na gaskiya, Allah ya sa alheri. Takardun nan ma ba abin wasa ba ne, don tun da aka hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa a farkon 2017, arhar wasu daga rashin biyan kwastam ta samo asali, kuma a shingen hanya mai riƙe da sitiyari ake tsarewa, dillali yana gida.