Ƙwallon kwandon mata a Amurka: Kuɗi sun shigo, amma kallo ya rarrabu

Shekaru kaɗan da suka wuce, matsalar mai son kallon gasar ƙwallon kwandon mata ta Amurka, wato WNBA, ita ce tashoshi ba sa damuwa da nuna wasannin. Yanzu lamarin ya juya. Tashoshi na rububin gasar, sai dai kowacce ta yanki nata kason, mai kallo kuma shi ne ke bin su ɗaya bayan ɗaya da kuɗinsa.

Wa ke nuna me?

A watan Yulin 2024, hukumar gasar ta ƙulla yarjejeniyar shekara 11 da kamfanonin Disney da NBCUniversal da Amazon, daga kakar 2026 zuwa ta 2036. Darajarta ta kai kusan dala biliyan 2.2, wato kimanin dala miliyan 200 a shekara, fiye da ninki uku na abin da gasar ke samu a da.

Disney na nuna nasa kason a ABC da ESPN. NBCUniversal na da tashar NBC da manhajar Peacock, shi kuma Amazon yana da Prime Video. Hatta wasannin ƙarshe na cin kofi, karɓa-karɓa kamfanonin uku za su riƙa yi.

Akwai kuma tashar ION, wadda tun 2023 take nuna wasannin daren Juma'a. A Amurka ana kama ION da ABC da NBC kyauta da eriya, amma ESPN da Peacock da Prime Video sai an biya.

Wata hanyar kuma ita ce League Pass, manhajar gasar kanta. Tana da araha, amma a cikin Amurka ba ta nuna wasa kai-tsaye idan wata babbar tasha ce ke da haƙƙinsa, sai bayan an tashi.

Me ya jawo rububin?

Masu kallo ne suka ƙaru. Zuwan Caitlin Clark ƙungiyar Indiana Fever a 2024 ya ja hankalin mutanen da ba su taɓa bin gasar ba. Wasan taurari na shekarar ya samu masu kallo sama da miliyan 3 a ABC. Gasar da ta fara da ƙungiyoyi 8 a 1997 ta kai 13 a 2025 da shigowar Golden State Valkyries, sannan aka ba biranen Toronto da Portland gurbi daga 2026.

'Yan wasan ma sun ga kuɗin. A Oktoban 2024, ƙungiyarsu ƙarƙashin Nneka Ogwumike, wadda iyayenta 'yan Najeriya ne, ta janye daga yarjejeniyar albashi domin neman sabuwa. Albashin Clark a shekararta ta farko bai kai dala 80,000 ba.

Inda haɗarin yake

Gasa mai tasowa tana girma ne da wanda ya ci karo da wasa a talabijin ya tsaya kallo. Idan sai ya yi rajista a manhaja biyu ko uku kafin ya bi ƙungiya ɗaya, da yawa za su haƙura. Kamfanonin kuwa suna sayen wasannin ne domin su riƙe masu biyan kuɗin wata-wata.

Mai kallo daga Najeriya ko Nijar yana da ƙarin cikas, wato lokaci. Wasan da aka fara ƙarfe 7 na yamma a New York, ƙarfe 12 na dare ne a Kano da Maraɗi. Na Las Vegas ko Seattle kan kai ƙarfe 3 na dare. Wasannin ranar Asabar da Lahadi da ake yi da rana a can su ne ke faɗowa da yamma a nan.

Don haka kafin ka biya kowa, duba jadawalin ƙungiyar da kake so a shafin gasar, ka ga inda mafi yawan wasanninta suke. Idan data ce damuwarka, shafin WNBA na YouTube na saka taƙaitattun wasanni kyauta.

Ma'aunin nasarar yarjejeniyar ba zai tsaya kan dala biliyan 2.2 ba. Za a gane ta ne idan yarinyar da ta ga wasan Clark ko A'ja Wilson a waya ta iya samun cikakken wasa na gaba ba tare da wahala ba.