Gigin Tsufa Ba Aikin Aljanu Ba Ne, Amma Wa Zai Ƙirga Tsofaffinmu?

Duk wanda ya tashi a Kura ko Bunkure ya san yadda muke yi da tsohon da ya fara ruɗewa. Ya ci tuwo ya ce ba a ba shi ba, ya kira jikarsa da sunan ƙanwarsa da ta rasu tun tuni, ko ya fita da asuba wai zai je ban ruwa a gonar da aka sayar shekaru goma da suka wuce. Sai mu ce gigin tsufa ne, a ja ƙofa a rufe. In tsohuwa ce marar gata, wani lokaci har maita ake laƙa mata. Likitoci kuwa cuta suke kiranta, cutar mantuwa, wadda Alzheimer ce mafi yawa a cikin nau'o'inta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum miliyan 55 ke fama da ita, fiye da kashi 60 cikin ɗari a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi irin tamu.

Dalilin da ya sa nake so mu san Dokta Mahmoud Bukar Maina ke nan. Ɗan jihar Yobe ne, ya yi digirin farko a Jami'ar Maiduguri, ya yi na uku a Jami'ar Sussex ta Ingila, inda ya duƙufa kan wani furotin mai suna tau, wanda ke cuɗewa a cikin ƙwayoyin ƙwaƙwalwar masu Alzheimer. Da a nan ya tsaya, da ya zama ɗaya daga cikin 'yan bokonmu da muke tinƙaho da su a Facebook kawai. Amma a 2021 ya jagoranci kafa cibiyar bincike ta BioRTC a Jami'ar Jihar Yobe da ke Damaturu, aka zuba mata na'urori, ana horar da matasa, ana kuma aiki da ƙwayoyin halittar mutanenmu.

Wani zai ce, to meye a ciki? Ai Turawa sun gama binciken. Ba su gama ba, wallahi. Tun 1992 masana irin su Benjamin Osuntokun da Adesola Ogunniyi da Hugh Hendrie suka fara kwatanta tsofaffin Ibadan da baƙaƙen fatar Indianapolis a Amurka. Sun gano cutar ta fi ƙaranci sosai a Ibadan, kuma ƙwayar gadon APOE4, wadda ke ƙara haɗarin cutar a wurin Turawa, ba ta da irin wannan ƙarfin a wurin Yarabawa. Ke nan abin da aka auna a jikin Bature ba lalle ya yi daidai da Bahaushen Kadawa ba. A Arewa kuwa, binciken Dokta Abdulkareem Jika Yusuf da abokan aikinsa a Zariya, wanda ya fito a 2011, tsofaffi 322 ya duba, ya samu kusan kashi 3 cikin ɗari. Aiki ne mai kyau, amma mutum ɗari uku a yanki mai miliyoyi ai ɗanɗano ne.

Jami'o'i na auna masani da yawan waɗanda suka ambaci takardunsa. Ban raina wannan ba. Ni dai a wurina firizar da ke riƙe samfurin jini a Damaturu ba tare da wuta ta yanke ba ta fi ambato dubu nauyi.

Yanzu mu dawo gida. Tun da aka gama dam ɗin Tiga a 1974, iyayenmu suke noman rani a Kura da Bunkure da Garun Malam: shinkafa, tumatir, alkama. Shekara da shekaru suna goya tankin feshi a baya, ba takunkumi ba safar hannu, su wanke hannu a kwata su ci abinci. An riga an danganta wasu magungunan feshi, kamar paraquat, da cutar Parkinson mai sa karkarwa. Waɗannan manoman su ne tsofaffinmu na yau, kuma sun cancanci a duba ƙwaƙwalwarsu. Ga hawan jini da ciwon suga da kurumta, waɗanda kwamitin mujallar Lancet ya lissafa a 2024 cikin abubuwa 14 da in an magance su za a iya kauce wa, ko jinkirta, kusan kashi 45 na masu kamuwa.

Farfesa ba ya shiga gida-gida da kansa. Mai ɗaukar jini, mai kula da na'ura, mai gyara sola, mai shigar da alƙaluma a kwamfuta, duk 'yan poli ne. Amma dubi furojet ɗinmu na ƙarshen shekara: a saya a shagon buga takardu, a canja suna, a ɗaure da baƙin bango. Ina kira ga ƙungiyarmu ta ɗalibai ta zauna da shugabannin sassan kimiyyar ɗakin gwaji da na ƙididdiga, a ware ko da ɗalibai goma a bana su je Kura da na'urar awon jini da takardar tambayoyi cikin Hausa, bisa izinin hukumar lafiya da masu unguwanni, kuma ƙarƙashin kulawar likita. Ƙungiyar da ke iya ɗaukar hayar bas don bikin makon ɗalibai ba za ta rasa kuɗin man zuwa Kura ba.