Da Tsohuwar Zuma Ake Magani: Kada Mu Yi Gwanjon Tsofaffin Kaset-Kaset Ɗinmu

Duk ɗan kasuwar da ya san hannunsa ya san cewa kaya iri biyu ne. Akwai wanda in ya kwana ya faɗi, kamar tumatir da ɗanyen kifi, akwai kuma wanda kwanansa ne ribarsa, kamar ƙaro da riɗi a hannun wanda ya iya ajiya. Tun da faifan CD ya shigo, daga baya memori da wayar hannu suka kore shi shi ma, ake lissafa tsofaffin faya-fayan garmaho da kaset-kaset cikin kayan da suka faɗi. A kasuwannin Dinder da Sinja da Damazin, haka nan a bakin iyakar Habasha kamar Galabat da Kurmuk, kwalin kaset ya zama tarkacen da ake turawa ƙarƙashin tebur, ƙura da gara su yi ta aikinsu. Amma kasuwar duniya ta daɗe da mayar da irin wannan kaya sahu na biyu, kuma ra'ayinmu shi ne gara 'yan kasuwarmu su san haka tun kafin dillalai su zo su saya a farashin bola.

Bari mu fara da inda harkar ta samo tushe. A wajen shekarun 1966 zuwa 1969 aka yi yayin wani kiɗan rok a Amurka da Ingila da ake kira saikedelik, wato kiɗan jita mai gurnani da amsa-kuwwa. Bayansa, a farkon shekarun 1970, aka yi yayin wanda ake kira gilam, na mawaƙa masu sa tufafin ƙyalƙyali da fenti a fuska, irin su David Bowie da ƙungiyar T. Rex. Yayin ya wuce, amma kamfanoni sun adana ainihin zaren da aka ɗauki waƙoƙin a kai, kuma duk bayan 'yan shekaru sai su goge sautin, su sa sabon kwali da hotuna da tarihin mawaƙin, su sake fitarwa. Faifan Pink Floyd mai suna The Dark Side of the Moon ya fito a 1973, aka sake fitar da shi cikin babban akwati a 2023 don cikarsa shekara 50. A 2022 magadan David Bowie suka sayar da haƙƙin waƙoƙinsa ga kamfanin Warner Chappell a kan kuɗin da aka ruwaito sun haura dala miliyan 250. A wannan shekarar dai aka sayar da faifan garmaho miliyan 41 a Amurka, CD kuwa miliyan 33, karo na farko ke nan da garmaho ya wuce CD tun 1987.

Mai karatu zai iya cewa wannan ai harkar Turawa ce, ina ruwan mai tebur a Dinder? To, masu wannan sana'a sun daɗe da juyowa Afirka. A 2008 kamfanin Soundway na Ingila ya tattara kiɗan rok na samarin Nijeriya na shekarun 1970 ya fitar da sunan Nigeria Rock Special, a ciki har da ƙungiyar Ofege, wadda 'yan makarantar sakandare ta St. Gregory a Legas suka kafa. A 2016 kamfanin Now-Again na Amurka ya biyo da nasa mai suna Wake Up You!, haɗe da littafin tarihin mawaƙan da Uchenna Ikonne ya rubuta. A Zambiya akwai ƙungiyar WITCH, wadda jagoranta Jagari Chanda ya koma haƙar duwatsu masu daraja don ciyar da iyali bayan kasuwar kiɗa ta mutu. Da aka sake fitar da faya-fayansu a 2012 sai duniya ta neme shi, ya koma wasa a Turai da Amurka da furfurarsa, har suka yi sabon faifai a 2023.

A Nijar ma haka. Mamman Sani, makaɗin ogan na lantarki a Yamai, ya yi kaset a 1978 wanda kwafi kaɗan aka buga. Wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, mai kamfanin Sahel Sounds, ya ci karo da kwafi ɗaya a ma'ajiyar gidan tarihi na Yamai, ya nemi mai shi, suka sake fitar da shi a 2013. Wannan kamfani ne kuma ya fitar da tarin waƙoƙin finafinan Hausa na Kano mai suna Harafin So a wannan shekarar.

Nan gida Sudan abin ya fi kusa da mu. Kamfanin Habibi Funk na birnin Balin a Jamus ya sake fitar da faifan ƙungiyar The Scorpions da Saif Abu Bakr a 2018, faifan da aka ɗauka a Kuwait a 1980, bayan an ga kwafinsa na asali ya kai wajen dala 1,000 a gwanjon intanet. A 2020 ya fitar da na Sharhabil Ahmed, wanda ake wa laƙabi da sarkin jaz na Sudan. Labarin da ya fi ba mu darasi shi ne na Kamal Keila. A da, gidan rediyo ne ke ɗaukar mawaƙi, kuma ba a cika ba shi kwafin aikinsa ba. Shi Kamal ya samu ya riƙe zare biyu a gidansa, danshi ya taɓa su har sun yi fumfuna, amma da aka ɗora su a kan inji suka yi magana. Daga zaren nan biyu aka yi faifansa na 2018, ya ga abinsa da idonsa kafin rasuwarsa a 2021. Da wani ya ɗauke su a matsayin shara ya watsar, da shi ke nan.

Sai dai ba kowane ciniki ba ne na Allah da Annabi. An yi wani mawaƙi a birnin Ditiroit na Amurka mai suna Sixto Rodriguez, wanda ya yi faifai a 1970 bai karɓu a ƙasarsa ba, ya koma aikin lebura a wuraren gini. Ashe a Afirka ta Kudu ana ta buga faifan ana sayarwa shekara da shekaru, shi bai sani ba, kuɗin kuma ba su iso gare shi ba. Sai a 1997 masoyansa suka gano yana raye, suka kai shi can ya yi wasa a 1998. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Shi kuwa kamfanin Habibi Funk ya bayyana cewa ƙa'idarsa ita ce ya nemi izinin mawaƙi ko magadansa, a raba riba biyu daidai. Tsakanin waɗannan misalai biyu ne kowane mai saye zai faɗo, kuma mai riƙe da kaya ne ya kamata ya tambaya tun kafin ya sallama.

Yanzu mu dawo kan namu. Faya-fayan Sudan da muka lissafa duk na mawaƙan birni ne, masu jita da ƙaho a Khartum da Omdurman. Mu kuwa Hausawan Jazira da bakin Shuɗin Nilu tarihinmu a wannan ƙasa ya haura shekara ɗari. Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi shahada, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja jama'a gabas, suka kafa garin Mai Wurno kudu da Sinnar. Wasu kakanninmu hanyar Makka ce ta ajiye su, wasu noman audugar Jazira ne ya riƙe su bayan an gama madatsar Sinnar a 1925, wasu kuma suka bi ruwa da taru da komai har kogin Dinder da Rahad. Daga cikin wannan jama'a aka samu A'isha al-Fallatiya, wadda iyayenta suka fito daga ƙasar Sakkwato, mace ta farko da ta yi waƙa a gidan rediyon Omdurman a 1942, ta rasu a 1974. Ita ta samu shiga rediyo. Makaɗan ƙauyuka kuwa, masu kalangu da goge da gangar noma, da zabiyoyin gidan biki, da masu bege a daren Mauludi, rikodar wani maƙwabci ce ta ɗauke su, sau da yawa a kaset ɗaya tilo. A cikin waɗannan kaset-kaset akwai Hausar tsofaffinmu da kirarin zuriya da sunayen garuruwan da aka baro a yamma, abin da jikokinmu da Larabci ya fi zama a bakinsu ba za su ji a ko'ina ba.

Abin da ya sa muka ce maganar ta gaggawa ce ba ɓoyayye ba ne. Rikicin jihar Shuɗin Nilu na 2022 ya raba dubban mutanenmu da gidajensu a Rusairis da Wad al-Mahi. Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, 2023 ya kai ga gidan rediyon Omdurman, wanda aka buɗe tun 1940 kuma yake da babbar ma'ajiyar sauti ta ƙasar, ya kasance a hannun dakarun RSF kusan shekara guda kafin sojoji su karɓe shi a Maris 2024. Wad Madani ta faɗa a Disamba 2023, sojoji suka dawo da ita a Janairu 2025. Dinder kanta ta faɗa a Yuli 2024, aka karɓo ta a Oktoba. Wanda ya gudu da yara a kafaɗa ba zai ɗauki kwalin kaset ba, kuma ba mai ganin laifinsa. Ma'anar wannan ita ce duk kaset ɗin da ya tsira a wani shago ko a ƙasan akwatin wata tsohuwa, mai yiwuwa ba shi da na biyu.

Mun san wasu za su ce ana fama da abin sawa a baki, wa ke ta kaset? Gaskiya ne, kuma ba mu ce kowa ya bar neman dawa ya koma tattara zare ba. Abin da muke nema ba ya cin kuɗi: kada a zubar, kada a ba yara su warware, kada a sallama a farashin buhu. Wasu kuma za su ce kiɗa ba abin da mutumin kirki zai ɓata lokaci a kansa ba ne. Ko da mutum yana kan wannan fahimta, ya buɗe kwalin ya duba, zai tarar da tafsirin malaman da suka riga mu gidan gaskiya, da karatun Ishiriniya, da saƙon baki da 'yan'uwa ke aikowa daga Kano ko Jidda a zamanin da ba waya. Zafi da danshi ba sa bambance zaren wa'azi da na kalangu.

To mene ne abin yi? Na farko, ajiya. Zaren kaset leda ce da aka shafa wa garin ƙarfe, zafin rana da danshin damina na lalata shi, maganaɗisun lasifika kuma na iya goge abin da ke kai. A ajiye shi a inuwa, sama da ƙasa, nesa da lasifika, a karya 'yan haƙoran nan na samansa don kada wani ya ɗora sabon ɗauka a kai. Faifan garmaho a tsaye ake jera shi, in aka kwantar aka danne ko aka bar shi a rana sai ya lanƙwashe. Kaset ɗin da ya yi fumfuna kada a yi ta gwada shi a kowace rikoda, a bari sai an samu mai gyara.

Na biyu, rubutu. A kasuwar sake fitar da faya-fayai, labarin kaya rabin kuɗinsa ne. A nemi dattijo ya saurara, a rubuta sunan mawaƙi da garinsa da shekara da bikin da aka yi, da wanda ya ɗauka. Kaset marar suna kamar raƙumi ne marar shaida.

Na uku, kwafi. Yaran da ke tura waƙoƙi a memori a kasuwanninmu suna da kwamfuta, abin da ya rage rikoda mai lafiya ce da wayar haɗi. A ɗauki sautin cikakke ba tare da an matse shi ba, a ajiye a wuri biyu ko uku, ɗaya a tura wa ɗan'uwa a wani gari ko wata ƙasa. Ƙungiyoyin 'yan kasuwarmu da ke iya haɗa kuɗin gyaran rumfa da na mai gadi ba za su gaza sayen rikoda ɗaya da kwamfuta ɗaya ba.

Na huɗu, haƙƙi. Wanda ya mallaki kaset bai mallaki waƙar da ke ciki ba. A Nijeriya, alal misali, dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta kare waƙa har shekara 70 bayan rasuwar mai ita, Sudan da Nijar ma kowace na da dokarta. Masu shagunan kwafi na shekarun baya sun taimaka wajen yaɗa waƙoƙin su Mamman Shata da Musa Ɗanƙwairo da Ɗan Maraya Jos daga Jibiya har Gadarif, amma kuɗin kwafin a aljihun mai shago suke tsayawa. A wannan karon, idan baƙo ya zo neman tsohon kaya, a tambaye shi sunan kamfaninsa da abin da zai yi da shi, a haɗa shi da mawaƙin ko magadansa, a yi yarjejeniya a rubuce gaban shaidu, mai shago ya karɓi la'adarsa ta halal a matsayin dillali. Kuma kada ainihin kaset ya bar gari sai an bar kwafinsa.

Ba kowane kaset ne zai kai dala dubu ba, mafi yawansu ma ba Baturen da zai taya. Waɗanda ba a taya ba 'ya'yanmu ne masu su, kuma su za su tambaye mu. Muna kira ga shugabannin kasuwa da masu unguwanni, daga Dinder zuwa Mai Wurno, da 'yan'uwanmu na Illela da Ƙonni da Maigatari, da su sa wannan magana a zamansu na gaba. Allah Ya zaunar da ƙasashenmu lafiya, Ya mayar da kowa gidansa, amin.