"Ai yana ganina": maganar da ke kai mu likita

Jama'a masu saurare, yau da kanmu za mu yi faɗa.

Ku dubi yadda muke ƙetare gudro ranar kasuwa, a Tasawa ko Gidan Rumji, inda RN1 ta ratsa tsakiyar gari. Mutane goma na tsaye bakin hanya. Guda ya jefa ƙafa, sauran tara suka bi shi, babu wanda ya dubi dama ko hagu. Kowa ya bar wa ɗan uwansa aikin dubawa. In ka yi magana, a ce maka: "Ai direba yana ganina, ko taka ni zai yi?"

To mu yi lissafi. Motar da ke gudun kilomita 50 a awa tana cin kusan mita 14 cikin daƙiƙa guda, tun direba bai kai ƙafa ga birki ba. Kamyo mai lodin albasar Galmi kuwa ko an taka birki sai ya ja gaba sosai. Kuma ido na yaudara: babbar mota daga nesa kamar tafiyar hawainiya take. Da dare abin ya fi muni. Kai kana ganin fitilarsa, sai ka ɗauka shi ma ya gan ka, alhali kana cikin duhu da baƙar riga.

In abin ya faru, mu ce ajali ne. Ajali gaskiya ne, amma wanda ya rubuta shi Shi ya ba mu ido biyu da wuyan waiwaye.

Sai dai in ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Ina mai ƙafa zai bi, tunda tebura da kabu-kabu sun cinye gefen hanya? Farin zanen ƙetarawa ya goge, direbobi ma ba su tsayawa gare shi. Magadan gari da ANISER, wannan naku ne: fenti, tudun rage gudu gaban lakwal da kasuwa, da ɗan sanda lokacin tashin yara.

Namu kuwa bai son ko dala. Waya cikin aljihu, hannun yaro cikin naka, dubi hagu, dubi dama, sake duba hagu. Yaron da ka ja da gudu tsakanin motoci yau, gobe shi kaɗai zai yi, ba ka nan.

Allah ya kiyaye hanya. Ku kai wa na gida wannan magana.